Maganin da Ya Ƙi Jikinka, a Rubuta Sunansa

Darasinmu na yau ya taso ne daga wani abu da muka tarar wurin rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci, a wani ƙauye da ke tsakanin Tsarnawa da Malbaza.

Mun isa ajin mata da la'asar, sai muka ga gurbin wata ɗaliba babu kowa. Mace ce mai ƙwazo, ba ta fashin aji. Muka tambaya. Malama ta ce ai yau kwananta goma sha biyu a asibiti da ɗiyarta. Bayan an sallame su muka je gaisuwa. Ta ba mu labari tun daga tushe, ta kuma yarda mu buga shi, in dai ba za mu sa suna ba.

Shekara biyu da suka wuce, yarinyar tana da shekara shida, ta yi gudawa da zazzaɓi. Aka kai ta ɗakin shan magani, aka ba ta wata farar ƙwaya. Bayan kamar mako guda leɓunanta suka yi ƙuraje, jikinta ya fesa da ja-ja. Suka koma. Ma'aikacin lafiya ya duba, ya ce: "Baiwar Allah, a tsaida wannan magani, kuma kada a ƙara ba ta shi har abada." Gaskiya ya faɗa. Amma da baki ya faɗa. Marasa lafiya sun yi layi har waje, bai rubuta kome cikin karnen yarinyar ba. Uwar ta koma gida da abu biyu a ka: ƙwayar fara ce, kuma sunanta Bactrim.

Bana yarinyar ta kama tari. Uban yana dawowa daga kai albasa ta bakin iyaka, ya sayo magani wurin mai talla. Uwar kuwa yanzu ta iya karatu. Ta karɓi kwalin, ta haɗa baƙaƙen a hankali, ta ga an rubuta Septrin. Ta ce to, wannan ba shi ba ne. Ta ba yarinyar.

Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya rufe ta. Idanu suka yi ja, baki ya farfashe har ba ta iya haɗiyar ruwa, fata ta soma saɓulewa kamar wadda tafasasshen ruwa ya zuba wa. Mako uku suka yi a asibiti. Yarinyar ta tashi, amma har ranar da muka je idonta guda yana zubar da hawaye, ba ta son haske. Kuɗin albasar bana duk can suka tafi.

Abin ya daɗe yana damunmu, domin matar nan ba sakaci ta yi ba. Ta karanta, kamar yadda muke ce muku kullum ku karanta. Mu ne ba mu koya mata wane rubutu za ta duba ba.

Suna biyu, magani ɗaya

Bactrim da Septrin magani ɗaya ne. Kamfani biyu ne, kowanne ya raɗa masa sunan da zai sayar da shi. A ɓangarenmu, inda aka saba da magunguna masu rubutun Faransanci, an fi jin Bactrim. A Illela ta Najeriya da Sakkwato an fi jin Septrin. Mu kuwa mutanen Ƙwanni da Malbaza da Illela tamu ta Nijar, daga ko'ina magani yana shigo mana.

Magani kamar mutum yake: yana da sunan yanka, yana da laƙabi. Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwali sau da yawa laƙabi ne. Sunan yanka yana ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Sunan yankan wannan magani cotrimoxazole, wanda mutane ke cewa kotirim. Abu biyu aka haɗa a cikinsa: sulfamethoxazole da trimethoprim. Da matar nan ta san ta duba ƙananan baƙaƙen, da ta ga iri ɗaya ne a kwalayen biyu.

Kuma magunguna suna da dangi. Wanda jikinsa ya ƙi ɗaya daga cikin dangi, sai a yi hattara da sauran. Dangi biyu suka fi shafarmu.

Na farko dangin sulfa. Kotirim yana ciki. Fansidar ma yana ciki, domin sulfadoxine ne ginshiƙinsa, ko da yake shi maganin zazzaɓin cizon sauro ne. A nan akwai tarko guda. Za ku ga kalmar sulfate a kwalin ƙwayar ƙarin jini ta mata masu ciki, ko ta zinc da ake ba yara masu gudawa. Farkon kalmar ne kawai ya yi kama, amma ba danginsu ɗaya ba. Kada uwa ta ƙi karɓar zinc saboda wannan.

Na biyu dangin penisilin. Wani masani ɗan Birtaniya, Alexander Fleming, shi ya gano penisilin a Landan a 1928, aka soma amfani da shi sosai lokacin yaƙin duniya na biyu. Ƴaƴan wannan gida ana gane su ta wutsiyar suna, domin yawancinsu suna ƙarewa da cilline a Faransanci, ko cillin a Ingilishi: amoxicilline, ampicilline, cloxacilline. Wasu sun ɓoye bayan laƙabi. Augmentin da Clamoxyl amoxicilline ne a cikinsu. Ampiclox kuwa ampicilline ne da cloxacilline a haɗe.

Game da launi kuwa, ba mu da abin cewa sai dai mu roƙe ku. A kasuwar Ƙwanni ran Laraba, ko a Badagishiri, za ka ji mutum yana cewa a ba shi "baƙi da ja" ko "ja da rawaya". Launin kafso riga ce, kamfani ke zaɓenta. Magani biyu dabam suna iya sa riga iri ɗaya, magani ɗaya yana iya zuwa da riga uku. Kama da wane ba ta wane. In ka je wurin likita ka ce farar ƙwaya ce ta cuce ka, ba ka gaya masa kome ba, don fararen ƙwayoyi sun cika kantar farmasi.

Ba kowace illa ce ƙin jiki ba

Magungunan da ke kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake kira antibiyotik, sun ceci rayuka ba iyaka. Ba muna tsorata ku da su ba ne. Amma kowane magani yana da halinsa, kuma ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da mutane ke cakuɗawa.

Akwai illar da aka san magani da ita, wadda take rakiyar aikinsa. Flagyl yakan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya tayar da zuciya. Amoxicilline yakan saki ciki. Rifampicine, cikin magungunan tarin fuka, yakan mai da fitsari ja, kuma wannan launi ba cuta ba ne. Dattawa suna tune da ƙaiƙayin da Nivaquine ke sa wa, lokacin da ake shanta don zazzaɓin cizon sauro. Duk waɗannan halin magani ne. In sun dame ka, koma ka gaya wa wanda ya rubuta maka, kada ka yanke shan maganin da kanka. Wasu cikin irin waɗannan illoli ba wasa ba ne. Allurar gentamicine da ta streptomycine suna iya taɓa ji. Tetracycline yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba.

Akwai kuma wuce ƙima. Mutum ya ga ciwo ya tsananta, ya haɗa na safe da na rana da na dare ya watsa baki ɗaya. Ko yaro ya tsinci ƙwayoyi ya haɗiye. Wannan guba ce ta yawan magani.

Na uku shi ne ƙin jiki, wanda likitoci ke kira alerji. A nan magani daidai ne, awonsa daidai ne, dubban mutane sun sha sun warke. Amma jikin wannan mutum ya ɗauki maganin tamkar abokin gaba, ya tasar masa da faɗa, faɗan ya koma kan mai jikin. Ba laifin likita ba ne, ba sammu ba ne. Abin da ya sa ya fi sauran haɗari shi ne jiki ba ya mantuwa da wuri. In aka sake ba shi maganin, faɗa na biyu yakan zo da sauri, yana kuma iya fin na farko muni. Abin da ya sami yarinyar nan ke nan.

Yadda ƙin jiki ke bayyana

Wani yana zuwa nan take, cikin mintoci ko cikin awa guda bayan sha ko allura. Borin jini ya taso da ƙaiƙayi, leɓe da fatar ido su kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙara, jiri ya ɗebi mutum har ya faɗi. Wannan yana kisa cikin ɗan lokaci. Maganinsa allurar adrenaline ce a tsokar cinya, kuma sai a wurin ma'aikatan lafiya ake samunta. Kada a tsaya ɗura masa nono ko man ja ko jiƙo. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya fi yi masa sauƙi a zaune, a bar shi a zaune. Kada a sa shi tafiya da ƙafa. A nemi amalanke ko mota, a nufi cibiyar lafiya mafi kusa, a riƙo kwalin maganin. Da shiga a ce: "Magani kaza ya sha, yanzu minti kaza." Shi ya sa in an yi wa mutum allurar penisilin aka ce ya ɗan zauna kamar rabin awa kafin ya tafi, ya zauna. Gona ba za ta gudu ba.

Wani kuma yana jinkiri, sai bayan kwanaki. Ƙananan ƙuraje su fesa a ƙirji da baya. Ko wani tabo baƙi mai da'ira, kamar kwabo, ya fito a leɓe ko hannu ko al'aura, ya warke ya bar shaida, sa'an nan duk lokacin da aka sake shan maganin ya dawo daidai wurin nan. Kotirim ya yi suna wajen wannan tabo. Mutane da yawa suna yawo da shi ba su san mafarinsa ba.

Mafi muni cikin masu jinkiri shi ne na yarinyar nan. Likitoci biyu na Amurka, Stevens da Johnson, suka bayyana shi a 1922, ana kiransa da sunansu. Matakinsa mafi tsanani ana kiransa da sunan likita Lyell, wanda ya bayyana shi a 1956. Ba kasafai yake faruwa ba, mutane ƙalilan ne cikin miliyan a shekara. Amma cikin mutum 10 da suka kai mataki mafi tsanani, kusan 3 ba sa tashi. Yakan soma ne tsakanin kwana 4 zuwa mako 4 da fara shan magani, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido, kamar mura ko ƙyanda. Duk wanda ke shan magani ya ga gyambo a baki, ko jan ido, ko fata na zafi tana tasa ruwa, ya tsaida maganin ya je asibiti ran nan, ba gobe ba.

Abin da za a rubuta

Yanzu mun zo kan aikinmu na masu alƙalami. Maganar baki iska ce. Ma'aikacin da ya gaya maka yau, baɗi an yi masa canjin wurin aiki. Wanda za ka tarar a Tawa ko Galmi ko Yamai bai taɓa ganinka ba. In an kawo ka a sume, ba ka iya gaya masa kome. Takarda ce za ta yi magana a madadinka.

Ka roƙi majo, cikin ladabi, ya rubuta a bangon karne na gaba, inda ido zai fara sauka, ba can tsakiya ba. In da jan biro ya fi. Ka kuma roƙa a sa cikin rajistar cibiyar. Ma'aikatan nan aiki ya yi musu yawa, mun sani, wani shi kaɗai ke duba ƙauyuka da dama. Amma rubutun nan bai kai minti biyu ba, kuma haƙƙinka ne.

Kalma ɗaya ba ta isa ba. Rubutu mai amfani yana ɗauke da sunan yankan maganin, da ranar da abin ya faru ko aƙalla wata da shekara, da ciwon da aka ba da maganin dominsa. Sai abin da aka gani a jiki filla-filla: ƙuraje ne, kumburi ne, shaƙewa ce, gyambon baki ne? Sai tsawon lokacin da ya wuce tsakanin shan farko da bayyanar alamar, minti ashirin ne ko kwana takwas, domin da wannan likita ke gane irin ƙin jikin. Sai abin da aka yi, ko an kwantar da mutum a asibiti. Sai kuma sauran magungunan da yake sha a lokacin, har da na gargajiya da na mai talla. Kada kunya ta sa a ɓoye wannan. In yaro ya sha magani uku aka faɗi ɗaya, ana iya ɗora wa marar laifi laifi, mai laifin ya sake dawowa gida.

Kalmar da za ku koya ku gane ita ce ALLERGIE. Baƙaƙe takwas ne. A Najeriya ana rubuta ta ALLERGY, wutsiyar ce kawai ta bambanta. In na penisilin ne, majo zai rubuta Allergie à la pénicilline. In na kotirim ne da danginsa, Allergie aux sulfamides. Kai kuma a ƙasa ka rubuta naka da Hausa, da hannunka, domin mutanen gida su gane.

Kwalin maganin da ordonansi kada a yar. A haɗa su da karne a sa cikin leda, a ajiye cikin kwalla ko akwati. Mun ga karne da yawa da aka soke a jinka, gara ta cinye, ko ruwan damina ya wanke. Mai waya ya ɗauki hoton shafin. Masu zuwa ci-rani Legas ko Abijan ko Aljeriya su kwafe a ƴar takarda su haɗa da katin shaidarsu. Yarinyar da za a kai ɗakin miji a wani gari, a sa mata karnenta cikin kaya, a kuma gaya wa mijin da uwar mijin.

Lambobin da ke cikin takardun asibiti

Wasu ɗalibai da aka sallama daga manyan asibitoci sun nuna mana takardunsu, suna tambayar wasu baƙaƙe da lambobi da ba su gane ba. Ga bayaninsu.

Ku dubi buhunan albasa a Galmi lokacin lodi. Kowane ɗan kasuwa yana da alamar da yake shafawa a buhunsa. In mota ta isa Abijan, wanda zai sauke kaya ba ya jin Hausa, amma ya san buhun wane ne. Haka likitocin duniya suka yi wa cututtuka. Tun 1893 aka amince da jerin sanadin mutuwa da wani Bafaranshe mai ƙididdiga, Jacques Bertillon, ya tsara. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta karɓi aikin. Kundin ana kiransa CIM a Faransanci, ICD a Ingilishi. An amince da bugu na 10 a 1990. Bugu na 11 ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2022, ƙasashe suna komawa kansa sannu a hankali, amma na 10 har yanzu shi ne a hannun asibitoci da yawa.

Cikin bugu na 10, Z88.0 tana nufin wannan mutum jikinsa ya taɓa ƙin penisilin. Z88.2 ta dangin sulfa ce. Z88.1 ta sauran antibiyotik ce. Lambobin Z88 ba sa cewa mutum ba shi da lafiya yau. Tarihi ne, gargaɗi ne ga likitan gobe. Ciwon da ke faruwa a lokacin kuwa lambarsa dabam. T88.6 ita ce faɗuwar nan ta nan take, daga magani na daidai da aka bayar daidai. L27.0 ƙurajen magani ne da suka game jiki. L51.1 da L51.2 su ne ciwon saɓulewar fata da muka ambata. In kuwa mutum ya sha antibiyotik fiye da ƙima, ko ya sha wanda ba nasa ba bisa kuskure, ana sa shi ƙarƙashin T36.

Kun ga kundin ma ya rarrabe abubuwan da muka rarrabe ɗazu. Amma mai sa lamba ba ya duba, abin da aka rubuta yake bi, kuma abin da aka rubuta daga bakinka ya fito. In ka sha ƙwaya shida lokaci guda ka ce biyu ka sha, za a ba ka lambar da ba taka ba, ta bi ka shekaru.

Ba mu ce ku hardace waɗannan lambobi ba. A ƙauye da kalmomi majo ke rubutu, lambobin sun fi aiki a manyan asibitoci da wurin masu tattara ƙididdiga. Amma wanda ya ga Z88 a takardarsa ya san wannan takarda ba ta naɗe ƙosai ba ce.

Maganin damina na yara da na masu ciki

Nan ne darasin ya shafi kusan kowane gida. A 2012 OMS ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro lokacin damina. A Nijar an fara a 2013 a wasu gundumomi, har da Madawa da Buza a jiharmu ta Tawa, daga baya aka faɗaɗa. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, cikin watannin da sauro ya fi yawa. Ranar farko masu rabo suna ba yaro ƙwaya iri biyu a gabansu, sauran kwana biyun uwa ke ba da amodiaquine a gida. Ɗaya daga cikin na ranar farko sulfadoxine-pyriméthamine ne, wato irin Fansidar, ɗan gidan sulfa.

Wannan rabo ya tsare yara masu yawa, kuma muna kira ga kowace uwa ta fito da ɗanta. Yawancin yara ba ya yi musu kome, in ban da ɗan amai ko sakin ciki. Amma yaron da jikinsa ya taɓa ƙin kotirim ko Fansidar ba a ba shi. Wanda ke shan kotirim a lokacin, ko ya sha shi cikin watan, shi ma a gaya wa masu rabo. Su kan tambaya, amma me uwa za ta amsa in abin da ta sani kawai shi ne "wata farar ƙwaya"? Uwar da ta miƙa karne mai jan rubutu ta gama magana.

Haka nan mace mai ciki, wadda ake ba irin wannan ƙwaya wurin awon ciki daga wata na huɗu. In ta san jikinta ya taɓa ƙin dangin sulfa, ta faɗa wa ungozomar asibiti tun zuwan farko, a rubuta a karnen awo.

Makiyaya, ku ma abin ya taɓa ku. Cikin alluran da ake yi wa shanu da awaki akwai masu penisilin. Wanda jikinsa ke ƙin penisilin kada ya zama shi ne mai zuƙo allurar da hannu tsirara. A kwalbar akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta. A karanta, a kiyaye.

Rubutun ƙarya ma cuta ne

Akwai wani gefe da ba ma so mu tsallake. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Muna tsoron bayan wannan darasi kowa ya ɗauki jan biro, duk maganin da ya taɓa tayar masa da zuciya ya rubuta masa ALLERGIE. Wannan ɓarna ce.

A Amurka, kusan mutum 1 cikin 10 yana cewa jikinsa na ƙin penisilin. Da aka gwada su, fiye da 9 cikin 10 na masu faɗar haka ba su da wannan matsala. Wasu gudawa ce kawai suka yi. Wasu tun suna yara suka yi ƙurajen wani ciwo dabam daidai lokacin da suke shan magani, aka ɗora wa maganin. Wasu kuwa da gaske ne a da, amma da shekaru suka yi nisa jikin ya sauka. Mu ma nan haka na faruwa: yaro yana ƙyanda, ƙurajen ba su fito ba tukuna, aka ba shi amoxicilline, kashegari suka fito, aka ce magani ne.

Asarar a fili take. Amoxicilline shi ne maganin farko na ciwon huhu na yara, yana da araha, yana samuwa kusa. In aka haramta wa yaro shi ba da dalili ba, sai a koma kan wani mai tsada, ko mai yawan illa, ko wanda sai an je birni. Don haka ku rubuta abin da kuka gani da ido, ku bar wa likita yanke hukunci. "Ya yi gudawa sau uku a kwana na biyu" rubutu ne mai kyau. Shi zai ce wannan halin magani ne ko ƙin jiki. In kuma an daɗe da rubuta maka ALLERGIE kana shakka, kada ka gwada sha a gida don ka gani. Likita kaɗai ke gwadawa, a wurin da akwai adrenaline. Wanda kuwa fatarsa ta taɓa saɓulewa, wannan ba a gwada shi ko a asibiti.

Ina labarin yake zuwa?

Faɗar illar magani ba kai ƙarar ma'aikaci ba ce. Akwai takardar da ma'aikatan lafiya ke cikawa su aika sama in magani ya yi wa wani illa. Dalilinta tsohon abu ne. A 1961 aka gane cewa wani magani mai suna thalidomide, da mata masu ciki ke sha a Turai da wasu ƙasashe, shi ke sa ana haihuwar jarirai da guntayen hannuwa da ƙafafu. Dubban jarirai abin ya shafa kafin a farga, domin kowane likita ɗaya ko biyu ya gani, ba wanda ya haɗa lissafin. A 1968 OMS ta kafa shirin sa ido kan magunguna, kuma tun 1978 cibiyarsa tana birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, inda rahotannin ƙasashe ke taruwa. Ta irin wannan hanya ake gane magani mai haɗari, ko jabu da ya shigo kasuwa. Rahoton kuwa ba ya tashi sai wani ya koma ya ce: "Likita, ga abin da maganin nan ya yi mini."

Aikin aji

Ɗalibar nan ta dawo aji. A bangon karnen ɗiyarta likitan da ya sallame su ya rubuta nasa da Faransanci, ya buga hatimi. A ƙasa ita ta rubuta nata, baƙaƙen suna ɗan karkacewa: "Kada a ba ta kotirim. Shi ne Bactrim, shi ne Septrin. Kada a ba ta Fansidar. Fatarta ta saɓule, ta kwana 21 asibiti." Ta sa wata da shekara.

Muna roƙon malamai da malamai mata na Ƙwanni da Malbaza da Illela su ware zama guda don wannan. Kowane ɗalibi ya zo da karnen gidansa da kwalin magani guda, ko da fanko ne. A nemo laƙabi, a nemo sunan yanka, a kwafe su a allo. A ware masu ƙarewa da cilline gefe guda, masu sulfaméthoxazole da sulfadoxine gefe guda. A rubuta ALLERGIE sau biyar. Wanda ya tuna wani a gidansa da magani ya taɓa yi wa illa, malami ya taimake shi ya rubuta abin da aka gani da lokacin da aka gani, ya kai wa majo ran da zai je cibiyar lafiya.